Inda Na Tura Motar Oga Bulus

Ku da kuke fakewa a inuwar rumfata da kekunanku kuna jiran fasinja, ina jin duk abin da kuke faɗi in kun ɗauka kunnena ya mutu. Wai faci ba sana'a ba ce, zaman jiran ƙusa ne, kuma duk wanda ya iya kwance noti ya iya aikina. Ban taɓa tanka muku ba. Amma jiya ɗayanku ya tambaye ni inda wansa zai kai motar maigidansa mai aiki da lantarki a juya mata taya, sauran kuka kwashe da dariya kuna cewa tsoho me ya sani da wannan. To ku gyara zama. Na san amsar, kuma ba kyauta na same ta ba.

Sunana Ɗanlami. Kakana ne ya zo Jalingo daga Kano da fataucin tufafi, ni kuwa a nan Sintali aka haife ni, a bakin wannan titin na yi furfura. Wanda ya koya mini aiki Malam Inuwa ne, wani Bakatsine marar fara'a, Allah Ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni tub ɗin babbar mota ne da rabin taya cike da ruwa, ya ce in nemo huda. Na tsoma, na juya, na matsa, ban ga kumfa ba, na ce masa lafiyarsa ƙalau. Ya karɓa ya ƙara masa iska, ya riƙa bi da shi a hankali kusa da leɓensa har ya tsaya a wani wuri, ya tofa yawu, sai ga ɗan kumfa yana tasowa. Ya jefo mini tub ɗin ya koma kan aikinsa. Haka yake koyarwa. Na daɗe ina goge tub da kula da murhun faci, wato tsohon fistin da ake zuba wa kalanzir a kunna a danne facin da shi, kafin ya yarda in taɓa jak. Wuta ta yi yawa tub ya narke, ta yi kaɗan facin ya ɗaye a hanya, mai mota ya dawo a ƙafa yana zagin iyayenka.

Juyin taya shi ne na ƙarshe da ya koya mini, don ya ce a nan ake gane mai faci daga mai bugun iska. Tayoyin mota ba sa cinyewa daidai. Na gaba su ke juya kan mota, su ke shan birki, in ka bar su a wuri ɗaya sai su suɗe alhali na baya zanensu na nan ɓaro-ɓaro. Shi ya sa ake musanya musu wuri tun kafin su lalace. Amma ba ka taɓa noti sai ka shafa kowacce da tafin hannunka. In tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ba ta isa. In gefe ɗaya ne kawai, ƙafar motar ce ta karkace, wannan ba aikinka ba ne, ka tura shi wurin masu saiti tukuna. Wata tayar kuma da kibiya a jikinta, ba ta tsallaka daga dama zuwa hagu. Ku da kuke cewa kwance noti ne, nawa ne a cikinku suka taɓa lura da kibiyar?

Sai kuma babbar matsala, wadda ita ce tushen labarina. Mota ƙafa huɗu gare ta, mai faci kuwa jak ɗaya gare shi. In ka ɗaga ƙafa ɗaya ka cire tayar, dole ka sauke jak ɗin ka kai shi wata ƙafar, to me zai riƙe ta farko? Dabararmu ita ce safaya. Ka ɗauko ta daga but ka ɗaura ta riƙon ƙwarya, ka sauke mota, ka matsa gaba, haka har ka zagayo ka cire ta. In mai motar ba shi da safaya, sai ka nemi ƙarfen shasi a ƙasan motar ka tokare da kututture. Nawa ga shi can kuna ɗora ƙafa a kai, na itacen ƙirya ne, na Malam Inuwa ne na gada. Bai taɓa tsagewa ba.

Wata rana da damina, ban daɗe da kafa rumfar kaina ba, wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a gabana tana ɗingishi. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito da takalmin roba duk taɓo, ya shuri tayar baya ya ce, "Kai mai faci, duba mini. Taya na ya mutu ne ko yana da sauran rai?"

Tushiyar masara ce ta shige ta a gefe, inda faci ba ya riƙewa. Na ce masa ta mutu. Ya ce ƙarya nake, mu 'yan Kano duk haka muke, so nake in sayar masa da gwanjo. Na ce ni ba na sayar da taya, ya je ya sayo inda ya ga dama. Ya dube ni ya yi dariya, ya zauna a kan benci. Wannan shi ne Oga Bulus, Bajukune, jami'i a ma'aikatar gona a lokacin, gidansa a Yelwa, gonarsa a Sunkani. Daga ranar bai sake kirana da sunana ba sai Ɗan Kano.

Motoci da yawa sun wuce ta hannunsa, duk ni na riƙa duba musu ƙafa. Sau biyu a shekara yake kawo juyi, farkon damina da bayan girbi, don hanyar gonarsa ba ta raga wa taya. Sauran masu mota sukan ajiye makulli su tafi harkarsu, shi kuwa zama yake yi. Aikin da zan gama kafin shayi ya huce sai mu kai hantsi muna yinsa, ina ɗaure noti yana gardama a kan taki, a kan gwamnati, a kan ko doyar Mumuye ta fi ta ko'ina. Da Kirsimeti ya aiko da shinkafa, da Babbar Sallah in aika masa da cinya. Ban taɓa shiga falonsa ba, shi ma iyakarsa ƙofar gidana. Zumuncinmu duk a kan bencin nan yake, kuma taya ce take kawo shi.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Mutane suka jingine motoci a gida suka lulluɓe da tamfol. Motar da ba ta tafiya ba ta taka ƙusa. Injin iskana da fetur yake aiki, sai ya zama in na tayar da shi don taya ɗaya asara na yi, na koma famfon hannu da tsufana, ina bugawa ina hutawa. Waɗanda suke koyon aiki a wurina suka watse, ban ga laifinsu ba. Mai walda da ke gefena ya rasu, mai shayi ya koma garinsu, layin nan ya zama ni kaɗai. Akwai ranakun da zan buɗe in rufe ban ɗaga jak ba. Oga Bulus ya riga ya yi ritaya, shi ma ya rage zirga-zirga, amma bai fasa kawo juyinsa ba. A shekarar nan, in na cire gaisuwar masallaci, shi ne kaɗai mutumin da nake doguwar magana da shi.

Bayan nan ne motar ta zo. Ina tsugune ina ɓare tayar babur da liba, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan Kano!" Saura kaɗan in faɗa cikin ruwan tub. Da can tun daga kwana nake jin tarin motarsa, yau ga wata farar mota tsaye dab da ni ban ji zuwanta ba. Ya fito yana washe baki. 'Yarsa Rahila da ke aiki a Abuja ce ta sayo masa, ta sa aka kafa masa sola a rufin gida don caji.

Ya ce, "Ba fetur, ba baƙin mai, ba fulogi. Makanike na ya yi fushi da ni, ya ce na kashe masa kasuwa. Amma kai ba ka da wahala. Taya dai taya ne, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Na zagaya na shafa su, sababbi ne fil. Gaskiya na ji daɗi a ranar, na ce ashe zamani bai gama da ni ba.

Da aka gama girbi ya kawo ta juyi kamar yadda ya saba. Na shafa tayoyin na ga sun ci fiye da yadda na zata, don motar nauyi gare ta, kuma da an taɓa ta take zabura. Na ce ya buɗe but in ɗauko safaya. Ya buɗe, babu. Muka ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai wani ɗan famfo da kwalbar gam. Na ce ba komai, kututture na nan. Na shimfiɗa kwali na kwanta na leƙa ƙasan motar, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Babu ƙarfen shasi, babu salansa, babu komai, a shafe yake daga gaba har baya kamar gindin faranti.

Na ce, "Oga, mene ne wannan a ƙasa?"

Ya ce, "Batir ne. Rahila ya ce duk ƙasan batir ne, shi ne rabin kuɗin motan."

Na bi gefen motar da yatsa na samu 'yan wurare ƙanana da aka bari don jak. Zan iya ɗaga ƙafa ɗaya. Amma in na cire tayar, a ina zan tokare kututture in ba a jikin batirin ba? Na yi tunanin aro jak na biyu a tasha. Sai na dubi ƙasar rumfata, yashi ce, ga gangara zuwa lambatu. Na taɓa ganin mota ta sulluɓe daga kan jak. A-kori-kura in ta faɗi, guduma ce maganinta. Wannan in ta faɗi ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ya gaji da jira ya ce, "Sa katako naka mana. Shekara nawa kana sa shi, ya taɓa kashe mutum?"

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Na san in motar nan ta bar hannuna, dalilin zuwansa ya tafi da ita. Wataƙila da na tokare ba abin da zai faru. Amma wataƙila ba ta isa a ɗora gumin yarinyar mutane a kanta ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na fito daga ƙasan motar na karkaɗe rigata na ce ya ba ni kwana biyu.

Ya ce, "Kwana biyu don juya taya? Ka tsufa, Ɗan Kano." Ya faɗa da wasa, amma bai zauna a benci ba.

Washegari na rufe rumfa na hau keke na shiga gari neman inda zan tura shi. Na fara da wani babban wuri mai fenti mai sheƙi, suna da injin ɗaga mota gaba ɗaya, samari da riguna iri ɗaya. Na tsaya gefe kamar mai jiran wani. Na ga yadda suke tura hannuwan injin ƙarƙashin mota da ƙafa, ko sunkuyawa ba sa yi, sannan su ɗaure noti da bindigar iska har sai ya yi kuka. Na tambayi ɗaya ko suna taɓa mai lantarki. Ya ce, "Baba, kawo kawai, duk mota ɗaya ne." Na yi masa godiya na fita. Wani wurin kuma mai shi ya ce bai taɓa yi ba, kuma ba zai fara da motar da ba tasa ba. Na ga girmansa, amma hakan bai biya mini buƙata ba.

Sai can hanyar Yola na samu wani Iliya, magidanci, ɗan Mumuye, marar yawan magana. Na yi masa tambayar da na yi wa na farko. Ya ce, "Wane iri ne? Sai na gani da ido. Kowane ɗaya da wurin da ake ɗaga shi." Ya nuna mini wasu robobi masu kauri da yake ɗorawa a kan hannuwan injin, ya ce in bai san mota ba sai ya nemi hoton ƙasanta a waya kafin ya taɓa. Yana da wata doguwar sufana da ake saitawa, in noti ya kai ƙarfin da ake so sai ta yi ƙas, ka tsaya. Mu da bututu muke ƙara wa sufana tsawo mu hau kai mu yi tsalle. Ina tsaye aka kawo masa wata mota, kafin ya ɗauki komai sai na ga ya tsuguna ya shafa tayar da tafin hannunsa. A nan na san na samu, kuma a nan raina ya ɓaci, don na so in same shi da aibi.

To kai mai tambayar jiya, abin da za ka gaya wa wanka ke nan. Kada fenti ya ruɗe shi, kuma injin ɗagawa shi kaɗai ba hujja ba ne. Ya tambaye su ina za su sa jak. Wanda ya amsa bai sunkuya ba, ya ja motarsa ya yi gaba. Ya tsaya ya ga da me za su gama ɗaure noti. In kuma wani irina ne ya ce masa zai tokare da katako, ya gaishe shi da girmamawa ya wuce.

Da Oga Bulus ya dawo na gaya masa. Ya kalli titi, sannan ya ce, "Kora na kake yi ke nan."

Na ce, "Ba kora ba ce, Oga. Kayan aikina ba su kai ba."

"Tun ina da gashi baƙi kai ne kake taɓa taya na. Yanzu in je wurin yaro da ban san baban shi ba?"

"Ba yaro ba ne. Na je na gan shi, ya iya."

Ya ce to in dai haka ne sai mu je tare. Na shiga gaba, karon farko da na hau motar. Iliya ya leƙa ƙasa, ya dubi wayarsa, ya jera robobinsa, motar ta tashi sama ƙafa huɗu a lokaci ɗaya. Aka sa mu a wani ɗaki mai gilashi da sanyi da talabijin. Oga Bulus ya fara ba ni labarin yadda shanu suka shiga masa gona, bai kai ga inda aka je gaban mai unguwa ba Iliya ya ƙwanƙwasa gilashi ya miƙo makulli.

Oga Bulus ya ce, "Har an gama? Ko labari ban gama ba."

Na fita na zagaya na duba aikin. Ba abin da zan gyara. Iliya ya ƙara da cewa in ta taka ƙusa ma ya kawo, suna yi, kuma tayoyin akwai wani ɗan abu a cikinsu mai gaya wa mota yawan iska, liba tana iya karya shi. Wannan ma gaskiya ne, ban san da shi ba. A hanyar dawowa ba mu yi magana sosai ba. Ya sauke ni a nan, ya ce rana ta yi zafi, sai wani lokaci.

Damina ta zo ta wuce, girbi ya wuce, na san ya kai juyinsa can inda na tura shi, kuma haka ya kamata. Ku kuna zuwa, ban raina ba, da ku nake cin abinci. Amma ku a tsaye kuke jira, ido a kan titi, kafin in ce yaya gida kun tayar da keke. Mutum yana iya wuni ana miƙo masa taya bai yi magana da kowa ba. Kaɗaici ne, ba wani suna gare shi ba, kuma da ƙafata na je na nemo shi.

Sau ɗaya ya tsaya tun daga lokacin, watannin baya, da la'asar sakaliya. Ya rame kaɗan, ya fara riƙe sanda. Bai kashe motar ba, ya fito ya dafa murfin ya ce, "Ɗan Kano, duba mini iska."

Ta tagar da ya bari a buɗe ina hango allon motar, ga hoton ƙafafun nan huɗu kowacce da lambarta, duk kore. Ya ga na gani. Na ɗauko gejina na tsuguna a ta gaba, na kwance murfin bawul a hankali, na gwada, na mayar. Na bi ta biyu, ta uku, ta huɗu, ina jan jiki iyakar yadda zan iya, amma taya huɗu ba ta da yawa. Babu wadda take neman iska ko kaɗan.

Ya ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi."

Ya gyaɗa kai, ya sa ƙafa ɗaya a cikin mota, sannan ya tsaya haka nan yana kallon sitiyari. Ni ma ina tsaye da geji a hannu. Sai na ce, "Oga, ta bayan nan ta dama ban yarda da ita ba. Sai na sake dubawa, kuma zai ɗan ɗauki lokaci."

Ya fito da ƙafarsa, ya miƙa hannu ya kashe motar. Ya ce, "Ni ma tun safe nake jin shi wani iri."